Ka gina libvirt da hannunka ya ƙi aiki? Karanta saƙon kuskure kafin ka yi fomatin

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu yi magana a kanta tsakaninmu masu koyon Linux, ko ɗalibi ne a Samaru ko Kongo, ko matashi ne a Ƙofar Kibo da ke koyo da wayarsa da wata tsohuwar laftof ta hannu. Mutum zai ga bidiyo an ce sabon zubin wata manhaja ya fito, sai ya sauko da tushenta ya gina da kansa. Da ta ƙi tashi, sai ya kwaso umarni goma daga intanet ya zuba wa kwamfutar, bai san aikin ko ɗaya ba. In abin ya ƙara dagulewa, sai fomatin. An ƙona data, an ɓata kwana biyu, kuma ba a gano abin da ya lalace ba, don haka wani makon za a sake faɗawa rami ɗaya.

Manhajar da wannan ya fi faruwa da ita a wajen masu sha'awar harkar sabar da tsaron intanet ita ce virt-manager da abokin aikinsa libvirt. Ra'ayina a kai a fili yake. Kwamfutar da kake dogaro da ita, ka bar ta da ƙunshin da babbar manhajarka ta zo da shi. In gini kake son koya, ka yi shi a keɓe. In kuma ka riga ka gina abin ya tsaya, to mafi yawan lokuta ginin lafiyarsa ƙalau, adireshi ne ya saɓa, kuma saƙon kuskuren da ke gabanka ya riga ya faɗa maka haka.

Mene ne ma waɗannan manhajoji?

Ana iya kunna wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, da babbar manhajarta daban da rumbun ajiyarta daban, ta zauna a taga ɗaya kamar baƙuwa. Mu kira ta baƙuwar kwamfuta, taka ta ainihi kuma mai masauki. Da wannan dabarar kake iya gwada Kali Linux ko Windows ko wata sabar ba tare da ka taɓa fayilolinka ba.

A Linux, abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su yi wannan aiki. Akwai QEMU, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, shi ke kwaikwayon kayan kwamfuta irin su rumbun ajiya da katin sadarwa. Akwai KVM, wanda ya shiga cikin zuciyar Linux a zubi na 2.6.20 a watan Fabrairun 2007, shi ke ba baƙuwar damar amfani da masarrafar kwamfutarka kai tsaye don ta yi sauri. Akwai libvirt, wanda aka fara a kamfanin Red Hat a ƙarshen 2005, shi ne mai kula da gidan: yana da ma'aikaci mai suna libvirtd da ke zaune a bayan fage yana karɓar umarni. Sai virt-manager, tagar da kake gani kana latsawa, wadda aka rubuta da yaren Python. Akwai kuma virsh, mai yin irin aikin ta hanyar rubuta umarni.

Abin da za ka riƙe shi ne virt-manager da virsh ba sa kunna komai da kansu. 'Yan aike ne. Suna kai saƙo ga ma'aikacin libvirt ta wata ƙofa da ake kira soket, shi kuma ya umarci QEMU. In ɗan aike bai sami ƙofar ba, komai ya tsaya ko da kowa lafiyarsa lau.

Ina ruwan mai waya da wannan?

Da ruwansa ƙwarai. Manyan kamfanonin da ke ba da hayar sabar, irin su Google da Amazon, a kan fasahar KVM suka gina injinansu, kuma a irin waɗannan sabar ne da yawa daga manhajojin wayarka ke ajiye bayanansu. Fasahar ma ta fara shigowa cikin wayar kanta. A watan Maris na 2025 Google ya saka wa wayoyin Pixel wata manhaja mai kunna Debian a matsayin baƙuwar kwamfuta. Ba kowace waya ce ke da wannan ba. Mai Tecno ko Infinix ko Redmi yana iya girka QEMU a cikin Termux, amma tun da ba zai sami KVM ba, sai dai kwaikwayo zalla, tafiyar hawainiya.

Ga kuma batun laftof. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma da yawa daga tsofaffin kwamfutocin da ake saye a PZ da sauran kasuwanninmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Linux ce mafitar masu irin waɗannan. Duk wanda ya shiga Linux da niyyar koyon tsaron intanet ko kula da sabar, ko ta jami'a ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ba zai daɗe ba zai ci karo da virt-manager.

Ka tsaya a Ƙofar Kibo, shi yana Ƙofar Doka

Ka ce wa abokinka ku haɗu a bakin ƙofar gari. Kai ka je Ƙofar Kibo ka tsaya, shi ya je Ƙofar Doka yana jira. Dukanku kuna Zariya, babu wanda ya saɓa alƙawari, amma har magariba ba za ku ga juna ba. Abin da ke faruwa ke nan ga mafi yawan waɗanda suka gina libvirt daga tushe.

Ƙunshin da Ubuntu ko Debian ko Fedora ke bayarwa yana zama a ƙarƙashin `/usr`, saitinsa yana `/etc/libvirt`, ƙofarsa kuma tana `/var/run/libvirt/libvirt-sock`. Wanda ka gina da hannu kuwa, in ba ka faɗa masa wani wuri ba, `/usr/local` zai nufa. Saitinsa ya koma `/usr/local/etc/libvirt`. Ƙofarsa ma ta canza: a tsofaffin zubi tana `/usr/local/var/run/libvirt`, a waɗanda ake ginawa da Meson kuma, wato daga zubi na 6.7.0 na watan Satumban 2020 zuwa yau, tana `/var/local/run/libvirt`.

Yanzu kana da libvirt biyu a gida ɗaya. Linux tana duba `/usr/local/bin` kafin `/usr/bin`, don haka in ka rubuta virsh, sabon ne zai amsa. A Ubuntu da Debian, laburaren da ke `/usr/local/lib` ma yakan riga na asali, har virt-manager ɗin da ba ka taɓa ba ya ɗauki sabon laburare. Amma ma'aikacin da ke tashi da kwamfutar tsohon ne, yana tsaye a tsohuwar ƙofa. Sai ka ga wannan saƙo:

`Failed to connect socket to '/var/local/run/libvirt/libvirt-sock': No such file or directory`

Dubi adireshin da ke tsakiyar saƙon. Kalmar `local` da ke ciki ta gama ba ka amsa. Ɗan aiken sabo ne, ya je sabuwar ƙofa bai tarar da kowa ba. Wanda ya ga wannan ya fara zargin laftof ɗinsa ko Ubuntu, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Wannan saɓanin ne kuma ke sa mutum ya buɗe virt-manager ya ga babu baƙuwar kwamfuta ko ɗaya, gabansa ya faɗi, musamman in aikin kammala karatunsa yana cikin ɗaya daga cikinsu. Ba su goge ba. Bayanansu suna `/etc/libvirt/qemu`, rumbunansu suna `/var/lib/libvirt/images`, sabon ginin ne yake duba wata folda da babu komai. Wanda ya yi fomatin a wannan gaɓar shi ne ya goge su da hannunsa.

Tambayoyi biyar kafin ka taɓa komai

Duk umarnin da ke ƙasa dubawa kawai suke yi, ba sa canza komai. Da su ake farawa.

Ta farko: wane ne ke amsa mini? Rubuta `type -a virsh`. In adireshi biyu suka fito, kana da kwafi biyu. Sai ka bi da `ldd $(which virsh) | grep libvirt` ka ga daga wace folda ake ɗauko laburaren. Umarnin `virsh version --daemon` kuma, in ya samu haɗuwa, zai nuna maka zubin laburare da zubin ma'aikaci. In lambobin sun bambanta, ka kama bakin zaren.

Ta biyu: ma'aikacin yana raye? Gwada `systemctl status libvirtd`. A nan akwai wani tarko. An daɗe da rarraba aikin libvirtd zuwa ƙananan ma'aikata, irin su virtqemud mai kula da QEMU da virtnetworkd mai kula da sadarwa, kuma Fedora ta koma amfani da su tun zubi na 35. In saƙon kuskurenka ya ambaci `virtqemud-sock`, to shi za ka duba. Bidiyon da aka ɗauka a 2018 bai san da wannan ba.

Ta uku: wane gida na shiga? Libvirt yana da `qemu:///system` na dukan kwamfuta, da `qemu:///session` na mai amfani shi kaɗai, kuma kowanne da jerin baƙinsa. Virt-manager yakan shiga na farko, virsh kuma in ba da sudo aka kira shi ba yakan faɗa na biyu. Rubuta `virsh uri` ka ga inda kake, sannan `virsh -c qemu:///system list --all` ka ga ko baƙinka suna nan.

Ta huɗu: kwamfutar ta ba da izini? Umarnin `virt-host-validate` zai jero maka abin da ya wuce da abin da ya faɗi. In babu `/dev/kvm`, mai yiwuwa an kashe fasahar a BIOS, abin da ake yawan tararwa a laftof ta hannu. A masarrafar Intel sunanta VT-x, a ta AMD kuma AMD-V ko SVM. Babu ginin da zai gyara abin da aka kashe a BIOS. In kuma saƙon ya ce `Permission denied`, duba da umarnin `groups` ko sunanka yana rukunin libvirt. In ka saka kanka, sai ka fita daga asusunka ka sake shiga kafin ya kama.

Ta biyar: me kundin rahoto ya ce? `journalctl -u libvirtd` na nuna abin da ma'aikaci ya gani. Kowace baƙuwa tana da nata kundin a `/var/log/libvirt/qemu`. Ita kuma tagar, kunna ta da `virt-manager --debug` za ta riƙa faɗin duk abin da take yi. Ka nemi kuskure na farko a jerin, domin sauran yawanci 'ya'yansa ne.

In laifin ginin ne fa?

Yakan faru, kuma yana da alamunsa. Meson yana da wata ɗabi'a: in bai sami wani laburaren da ake buƙata ba, sau da yawa ba ya tsayawa, sai ya kashe wannan ɓangaren ya ci gaba. Ginin zai kammala babu ja ko ɗaya a allo, amma ba tare da direban QEMU ba. Daga baya ka ga `no connection driver available for qemu:///system`. A ƙarshen matakin `meson setup` akwai jadawalin da ke nuna abin da aka kunna da abin da aka kashe. Mutane kan wuce shi da gudu, alhali shi ne ya fi komai amfani. A Ubuntu da Debian, `sudo apt build-dep libvirt` na kawo kayan ginin, matuƙar ka buɗe rumbun tushe a saitin apt.

Shi kuwa virt-manager, ya koma Meson ne a zubi na 5.0 da ya fito a watan Nuwamban 2024, saboda haka duk bayanin da ke ce maka ka yi amfani da `setup.py` na tsohon zubi ne. Kurakuransa galibi na Python ne. `No module named 'libvirt'` na nufin babu ƙunshin `python3-libvirt`, ko kuma kana kiran wani Python dabam da na kwamfutar. Saƙon da ya fara da `Namespace` ya ƙare da `not available` yana faɗa maka sunan abin da ya rage ne, ka nemo ƙunshinsa ka girka.

In kuma QEMU ɗin ne ka gina ka ajiye a `/usr/local/bin`, kana iya cin karo da mai gadi. Ubuntu tana da AppArmor, Fedora tana da SELinux, kuma suna da jerin wuraren da suka amince a kunna QEMU daga ciki. A Ubuntu, `sudo dmesg | grep DENIED` zai nuna maka ko shi ne ya tare hanya.

Gyaran da ya fi ɓarnar muni

A nan ne nake rabuwa da yawancin shawarwarin da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram, har da wasu amsoshin da manhajojin AI ke bayarwa in ba a ba su cikakken bayani ba. Za a ce ka yi `chmod 777` a kan soket, ko ka kashe AppArmor gaba ɗaya, ko ka riƙa kunna komai da sudo. Saƙon kuskuren zai ɓace, shi ya sa ake ɗauka an yi gyara. Amma duk wanda ya iya magana da `qemu:///system` kusan daidai yake da mai cikakken iko a kan kwamfutar, domin yana iya haɗa ainihin rumbun ajiyarka da wata baƙuwa ya karanta duk abin da ke ciki. Ka buɗe wannan ƙofar ga kowa, a laftof ɗin da ƙannenka da abokanka ke ara, sannan ka kunna baƙuwar da kake gwajin mugayen manhajoji a cikinta. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Gyara na gaskiya ya fi wannan sauƙi. In ba ka buƙatar sabon ginin, koma foldar da ka yi gini ka rubuta `sudo ninja -C build uninstall`, ka bi da `sudo ldconfig`, ka rufe allon umarni ka sake buɗewa. Shi ya sa ba a goge foldar gini da wuri, domin a cikinta jerin abin da aka girka yake. Kafin ka yi ko da wannan, kwafi `/etc/libvirt` da rumbunan baƙinka zuwa wani wuri.

Masu cewa ai da gini ake koyo

Suna da gaskiya, kuma ba na so a fahimci cewa ina hana kowa taɓa tushen manhaja. Wanda bai taɓa gina komai ba ba zai san yadda laburare da adireshi da izini ke haɗuwa ba. QEMU da libvirt duk sun sha karɓar ɗalibai ta shirin Google Summer of Code, kuma babu mai shiga irin wannan bai iya gini ba. Akwai ma lokacin da ginin ya zama dole, kamar in an gyara wani kuskure a sabon zubi kuma bai iso rumbunka ba. Ubuntu 24.04 ta zo da libvirt 10.0.0 na watan Janairun 2024, alhali masu libvirt kusan duk wata suke fitar da sabo.

Inda muka saɓa shi ne wurin yin ginin. Libvirt ya zo da wani ɗan fayil mai suna `run` a cikin foldar gini, wanda ke ba ka damar gwada sabon virsh ba tare da ka girka komai ba. Virt-manager ma ana iya kunna shi daga foldarsa da `./virt-manager`. Kana iya ba Meson wata folda a cikin gidanka da `--prefix`. Akwai kuma `-Dsystem=true` mai daidaita adireshin gininka da na babbar manhaja. Mafi kyau duka, ka girka virt-manager na rumbu, ka buɗe baƙuwar kwamfuta, ka ɗauki hoton yanayinta, ka yi ginin a cikinta. In ta lalace, minti ɗaya ka mayar da ita yadda take. Wannan shi ne dalilin ƙirƙiro fasahar tun farko.

Akwai kuma nauyin da mai gini ke ɗaukar wa kansa ba tare da ya sani ba. A watan Mayun 2015 aka bayyana wata ɓaraka a QEMU da aka yi wa laƙabi da VENOM, wadda ta kwanta a ɓangaren kwaikwayon fulofi tun 2004, kuma tana iya ba baƙuwa damar tsallakowa cikin mai masauki. Masu amfani da ƙunshin rumbu sabuntawa kawai suka yi. Wanda ya gina nasa, apt bai san da zamansa ba, sai ya ji labari da kansa, ya sauko da gyara, ya sake gini. Ka tambayi kanka ko za ka iya wannan bibiyar duk wata, da irin wutar da muke samu, da kuma kuɗin data tun bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a watan Janairun 2025.

In za ka nemi taimako

Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma tana da ladabi. Hoton allo mai dishi-dishi da aka ɗauka da waya, an rubuta "ya ƙi yi" a ƙasa, ba ya taimakon mai son taimaka maka. Kwafo saƙon kuskuren gaba ɗayansa a rubuce. Faɗi babbar manhajarka da zubinta. Faɗi ainihin umarnin da ka yi ginin da shi, da abin da `type -a virsh` da `virsh uri` suka nuna. Faɗi abu na ƙarshe da ka canza kafin ya tsaya. Sau da yawa, kafin ka gama haɗa waɗannan za ka ga amsar da idonka.

Sannan ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, kana rubutawa a wayarka ko a littafi. In ka canza abu biyar ya tashi, ba ka san wanne ne ya yi maganin ba, kuma akwai huɗu da ka bari a baya da za su iya cizonka wata rana.

Kamfanin da zai ɗauke ka kula da sabar ba zai bar ka ka yi mata fomatin don ta nuna ja ba, domin bayanan mutane ne a ciki. Abin da zai biya ka a kai shi ne ka iya duban layi ɗaya na kuskure ka ce ga ɓangaren da ke magana, ga wanda yake nema, ga dalilin da bai same shi ba. Ana iya koyon wannan da tsohuwar laftof mai RAM 8GB a cikin ɗaki a Ƙofar Kibo. Ka girka virt-manager daga rumbu da `sudo apt install virt-manager`, ka buɗe baƙuwa ɗaya, ka gina libvirt a cikinta, ka bar shi ya lalace, sannan ka bi tambayoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda ya tsaya.